Haƙorin Gidanmu

"Ni za ka yi wa wannan tambayar? Ni? Da furfurata?"

"Tambaya ce kawai, Maman Nas. Mutum ba zai yi tambaya a gidansa ba?" in ji mijinta.

"Ba taka ba ce. Na san bakin da ta fito." Sai ta juyo ta kafa mini ido, hannunta har yanzu da safar roba ta wajen aiki.

Ni kuwa ina zaune a kujerar nan mai gurguwar ƙafa wadda aka tokare da murfin kwalba, a gidan kafinta guda, ku ji fa, ina juya shayin da ya daɗe da hucewa. Na ce, "Ni me na ce? Aron allura na shigo."

"Allura! Gwaggo, yaushe rabon idonki da ganin kafar allura?"

Gaskiya ta faɗa. Amma kafin ku ɗora mini laifi, ku bari in koma baya in gaya muku yadda aka yi tun daga ramin farko. Ni ba mai yawan magana ba ce. Abin da na gani kawai nake faɗa, sai kuma ɗan abin da na ji.

Kafinta ɗan marigayi yayana ne. Tun da mijina ya rasu nake zaune a ɗakin baya na gidansu, tagata tana kallon wani fili da ya daɗe ba kowa sai tsofaffin tayoyi da ledoji da 'yan ƙwallo da yamma. Bara aka ce za a yi ginin ajiye motoci a wurin, aka kawo katafila. Ran da ta fara aiki ina tsaye a taga ina wanke kofi, na ga direban ya kashe inji ya diro ya bar takalminsa ɗaya a sama. Ƙoƙon kan mutum ne ya gangaro daga bakin katafilar ya tsaya yana kallonsa.

'Yan sanda suka zo suka kewaye wurin da igiya. Unguwa ta ɗauka. Kowa ya tuna da wanda ya ɓace masa. Mai kanti ta ce mijin ƙanwarta ne da ya fita sayen batir bai dawo ba. Mai aski ya ce a binciki tsohon maigadin filin, dama shi bai taɓa yarda da idon mutumin ba. Sai ga wasu daga jami'a sun zo sun duba, suka ce kowa ya kwantar da hankalinsa, wannan mamacin ya fi shekara dubu a kwance, kuma ba shi kaɗai ba ne, maƙabarta ce guda. Mai kanti ba ta ji daɗi ba. Ta riga ta gaya wa ƙanwarta.

Shugabar masu tonon wata 'yar gajeruwar mace ce mai faffaɗar hula da wando mai faci a gwiwa. Mutanenta suna ce mata Dakta, ni kuwa na sa mata Uwar Rami, sunan kuma ya bi ta har ita ma tana amsawa. Da farko ba wanda ya yarda da su. Mutum da karatunsa da motarsa, ya zo ya kwanta ruf da ciki a kan katako tun safe yana sosa ƙasa da ɗan cokalin magini da burushin fenti, ka ce mini ƙashi yake nema? Mai aski ya rantse zinariya ce. Na sa musu ido sosai, don in an fito da ita kada a ce ba a gabana aka yi ba. Sun ja zare sun yanka filin gida-gida kamar fangalin lambu. Duk ƙasar da aka kwasa sai an tankaɗe ta a rariya. Duk abin da ya fito sai an ɗauki hotonsa ta nan, ta can, a sa a leda, a rubuta masa lamba. Abin da na ga ya fito dai wuƙaƙe ne da tsatsa ta cinye, da duwatsun wuya masu launin fasasshiyar kwalba, da 'yan tukwane a wajen kan wasu, da wani mataji na ƙashi da ya fi ni haƙora. Zinariya ko ta ɗan kunne ban gani ba. Su kuma mutanen suna kwance a gefe ɗaya, gwiwa a naɗe, kamar waɗanda aka janye wa bargo.

Akwai wani da aka samu can nesa da sauran, shi kaɗai, fuskarsa a ƙasa, ko tukunya ba a ajiye masa ba. Na tambayi Uwar Rami me ya yi musu. Ta ce ba ta sani ba, ƙashi ba ya faɗin wannan. Na ce mata ni na sani, don kusa da ƙafarsa akwai wata mai duwatsun wuya har layi biyu, kuma kanta wajensa ya karkata. Ta yi dariya har hularta ta faɗa rami. Ta ce, "Kaka, su ma ba za ki ƙyale su ba?" Na ce ai su suka fito, ba ni na je ba.

Surukata, Maman Nas matar Kafinta, ta samu aiki wurinsu. Mace ce marar hayaniya, irin waɗanda in sun yi shiru kai ne za ka fara tsarguwa. Aikinta a wata rumfar kwano yake a bakin filin: robobin ruwa, tsohon burushin haƙori, da farantai da aka shimfiɗa wa jarida. A kawo mata ƙashi da ƙasarsa, ta wanke shi a hankali, ta jera ya sha iska. Na ce mata, "Ke da ko kaza ba kya iya riƙewa a yanka?" Ta ce, "Gwaggo, waɗannan ba sa shure-shure."

Inuwar da ta fi kowacce sanyi a duk layinmu tana bayan wannan rumfar. Ba ni na sa ta a can ba. Nan nake kai 'yar kujerata da hantsi, kuma kwanon tsoho ne, duk hujin ƙusa.

Ran nan ina zaune na ji Uwar Rami ta shigo tana cewa, "Maman Nas, juyo mini shi. Kin gani? Wannan ma yana da shi." Na sa ido a huji. Muƙamuƙin sama ne a hannunta, an wanke shi fes. Ta sa tsinke tana nuna wani ɗan haƙori ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, da ya fito a bayan manyan haƙoran gaba, can ciki inda harshe ke taɓawa. Ta ce, "Waɗanda ke kwance a layin nan na jikin katanga, da yawansu suna da shi. Ba abu ne da ake yawan gani ba. Ina kyautata zaton dangi ɗaya ne."

Sai da harshena ya kai kansa wurin, ko da yake yanzu ba abin da ke can sai dasashi. Wannan ai haƙorin gidanmu ne! Babanmu yana da shi, yayana yana da shi, ni ma ina da shi kafin haƙorana su riga ni yin gaba. Ɗan ƙari muke ce masa. Muna yara har tsokanarmu ake yi, wai mun cinye rabon wani.

Ina shirin zagayowa in faɗa musu, sai na ji surukata ta yi ƙasa da murya. "Dakta, ina roƙon alfarma. Ran da za ki tara mutanen unguwa ki yi musu bayani, ki bar maganar haƙorin nan."

"Me ya sa? Shi ne ma abin da ya fi daɗin ji."

"Ba ki san mu ba ne."

"Ai ba kowa ke gadonsa ba. A ɗaki ɗaya wani ya samu, ƙaninsa ya rasa. Yakan tsallake mutum ya fito a jikansa. Ko a layin nan ma akwai waɗanda ba su da shi. Zan faɗa musu haka."

"Ki faɗa har muryarki ta dushe. Rabin farko za su ɗauka su tafi da shi. Don Allah, Dakta."

Uwar Rami ta ce to, ta ji.

Na koma na zauna. Mace da aurenta, da 'yarta har ta zama nas a asibiti, me ya haɗa ta da haƙorin wanda ya mutu shekara dubu, har take roƙo da rawar murya? Na dai ajiye abin a gefe guda.

Mai kanti kaɗai na gaya wa, ita ma zancen haƙorin kawai, don ta san gidanmu ba jiya muka zo unguwar nan ba. Na ce kada ta faɗa wa kowa. Kafin rana ta yi sanyi mai aski ya ɗauko ɗan madubinsa na duba ƙeya da tocila, duk wanda ya zauna aski sai ya ji, "Ɗaga kai, buɗe baki." Wani mai gyaran babur aka ce an hango wani abu a bakinsa, ya tafi bakin rami ya tsaya yana faɗa, wai a rufa wa kakarsa zane, ana kallon ta haka. Daga baya aka gane ƙayar kifi ce ta maƙale masa. Mutane suka daina hamma a fili. In ka gaida mutum sai ka ga ba idonka yake kallo ba.

Wanda abin ya fi shiga kansa shi ne Kafinta. Dama shi ke yi wa masu tonon akwatunan da ake jera ƙasusuwa a ciki. Da ya ji labari ya daina yi musu da guntayen katako, ya koma mai kyau, har da goge shi ya shafa masa mai, ya ce ba a sa kakanninsa a abin banza. Ya tsaya a ƙofar shagonsa, fensir a kunnen hagu, don bahago ne, yana ba da labari: babansa yana da shi, kakansa yana da shi, kafin a yi titin nan su suke nan. Mai aski ya ce, "To kai fa? Zo mu gani." Kafinta ya ƙwanƙwasa haƙoransa na gaba da farce. Na roba ne, kowa ya sani, tun yana sabon aure katako ya kuɓuce daga inji ya zubar masa da na gaskiyar. Ya ce, "Nawa ya tafi tare da 'yan uwansa. Da kun gan shi, ya fi na Baba girma." Ya kalle ni. Na gyaɗa kai, don ɗan yayana ne, kuma a gaban mutane ake.

A gida kuwa surukata ta ƙara shiru a kan shirunta. In Kafinta ya fara zancen kakanninsa ana cin abinci, sai ta tashi ta ce ta bar wani abu a wuta. Ran nan har ta ce masa, "Baban Nas, ka rage maganar nan a waje." Ya ce, "Haushi kike ji. Ku naku kakannin ko raminsu ba a samu ba." Ya yi dariya shi kaɗai. Ni hannunta nake kallo. Cokali take gogewa, wanda ta riga ta goge.

A nan ne na fara tuna wasu abubuwa, ba da son raina ba. Shekarar da aka haifi Nas, Kafinta ya yi wata da watanni a wani gari yana aikin rufin makaranta. A lokacin akwai wani malamin lissafi da ke haya a ɗakin da nake ciki yanzu, dogo, mai sanyin murya, kullum yana aron dutsen guga. Nas doguwa ce. Mu gidanmu duk gajeru ne, in mun zauna a benci ƙafarmu ba ta kai ƙasa. Kuma tun tana firamare ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba. Ni ban haɗa komai da komai ba. Su suka haɗa kansu.

Nas ita kaɗai Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa ba ya kiran ta da komai sai "Mamana". In za ta zo hutun ƙarshen mako, tun safe yake share shago, ya sayo lemo, ya tsaya a bakin titi kamar mai jiran babban baƙo. Wannan karon da ta zo, tun a ƙofa uwar ta tare ta. Na ji da kunnena: "Kada ki tsaya shagon mai aski. Duk wanda ya ce ki buɗe baki, ki ce masa ke ba akuyar sayarwa ba ce." Nas ta yi dariya ta ce, "Mama, me ya samu unguwar nan ne?"

To ni me zan yi? Na kwanta a ɗakina na kama tari. Nas yarinyar kirki ce, ta shigo da 'yar tocilarta ta aiki.

"Kaka, buɗe baki in gani."

Na buɗe kaɗan.

"Ki ce aaa."

"Ban iya ba. Nuna mini."

"Kai, tsohuwar nan! Duk surutunki ba ki iya buɗe baki ba?" Ta ɗaga kai ta wangale nata. Na karɓe tocilar kamar da wasa na haska. Na ga harshe, na ga haƙora a jere farare kamar na talla. Ɗan ƙari ban gan shi ba. Gaskiya idona ba kamar da ba, kuma ta rufe da wuri tana dariya. Amma ban gan shi ba.

Ta ce maƙogwarona lafiya lau, in rage magana kawai.

Na yi niyyar in haɗiye abin. Na haɗiye shi har washegari da hantsi. Na tarar da Kafinta a shago yana kankare murfin akwati, na zauna a kan buhun garin katako na huta.

Na ce, "Ikon Allah, Nas ba ta ɗauko haƙorin gidanmu ba."

"Uwarta ta biyo."

"Uwarta da ba ta kai kafaɗarta ba?"

Ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, roƙon da Maman Nas ta yi wa Uwar Rami a ɓoye zancen. Amma ƙila tana da dalilinta. Ni ban ce komai ba."

Hannunsa ya tsaya. "Wane roƙo?"

Tunda ya tambaya, na faɗa masa. Malamin lissafi kuwa ko sunansa ban kama ba. Na dai tambaya ko dutsen gugan nan na da yana nan har yanzu. Ya kankare murfin nan, ya kankare, har ya koma kamar takarda.

Da rana na hango shi ta taga ya je bakin rami ya durƙusa kusa da Uwar Rami. Na fito da sauri gwargwadon gwiwata. Na iske tana cewa, "Malam, wannan ba hujjar komai ba ce. Ko kusa. Uba yana da shi 'ya'yansa duka su rasa, ana gani." Ya ce, "Matata ta roƙe ki ki ɓoye?" Uwar Rami ta ɗaga bakin hularta, ta kalli rumfar kwano, ta dawo da ido kansa. Ta ce, "Wannan ita za ka tambaya." Duk bayanin da ta yi masa a bakin ramin ya bar shi. Kallon rumfar nan kaɗai ya tafi da shi gida.

Da yamma Nas ta ɗauki jakarta za ta koma. Kullum shi ke riƙe mata jakar har tasha. Ranar yana zaune yana kallon talabijin da ba a kunna ba. Ta ce, "Baba, na tafi." Ya ce, "To. Sauka lafiya." Ba Mamana, ba komai. Yarinyar ta tsaya a ƙofa da jaka tana kallon uwarta, uwar tana kallon ƙeyarsa.

Daga nan gidan ya koma wani iri. Akwatuna suka tsaya a shago ba murfi. Abincinta sai ya taɓa ya ture. In Nas ta kira waya ya ce a ce mata hannunsa da fenti. Na kama shi fiye da sau ɗaya a tsaye gaban hotonta na bango, na ran da ta gama makaranta, ya kai hanci kusa da gilashin. Bakinta a rufe yake a hoton. Sai ranar da nake ba ku labari, surukata ta dawo cin abincin rana, ko safarta ba ta cire ba, ya tare ta a falo ya ce me take ɓoyewa a bakin yarinyar nan. Ni kuma na ji murya ta tashi, na tuna ina buƙatar allura.

To mun dawo inda muka fara.

"Faɗi abin da ke ranka," in ji ta. "Ka daina zagaye-zagaye. Faɗe shi da sunansa a gaban gwaggonka, tunda ita ta dafa maka."

"Na ce me ya sa kika roƙi matar nan ta ɓoye? Me ya sa kika hana a duba bakinta? In babu komai..."

"In babu komai me?"

"Yarinyar nan ba ta da shi."

"Yarinyar nan." Ta gyaɗa kai. "Yau ita ce yarinyar nan."

Ta cire safar yatsa ɗaya-ɗaya ta ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta daina ɗaga murya ma, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Cire haƙoranka."

"Me?"

"Na roban. Cire su ka ajiye a nan, ka buɗe baki Gwaggo ta haska, tunda ta iya."

"Kin san nawa ya zube tare da..."

"Ni na tsince su. Ran da katakon ya buge ka, masu taya ka aiki duk gudu suka yi. Ni na durƙusa cikin garin katako da jini na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na ƙulle a bakin mayafina na bi ka asibiti, wai ko za a iya mayarwa. Manya ne duka. Na tankaɗe garin nan da yatsuna kamar yadda ake yi a filin can, babu wani ƙarami. Kuma tun kafin katako, Baban Nas, ni matarka ce. Na san bakinka. Ba ka taɓa yin ɗan ƙari ba."

Ana jin kukan baron masu tono daga fili.

"Tun muna sabon aure nake jin kana cewa kana da shi in danginku sun taru. Na bar ka, don na ga abin yana yi maka ciwo. Ran da na wanke muƙamuƙin nan na ga haƙorin, kai na fara tunawa. Na san za ka tsaya a ƙofar shago ka yi shela, na kuma san unguwar nan, wata rana wani zai ce ka cire na roban a duba gurbinsa. Kai na roƙar wa. Na hana Nas buɗe baki don kada a fara da ita a ƙare da kai."

Kafinta ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

"Dakta ta ce yana tsallake mutum. Ni na yarda, tun kafin ta faɗa ma. Shekarun nan duka ban taɓa kawo wa mahaifiyarka komai a raina ba, Allah ya ji ƙanta, ni na yi jinyarta. Kai ne ka ce rashinsa laifi ne. To in laifi ne, kada ka fara da ɗakina. Fara da nata."

"Kada ki sa uwata a ciki!"

"Ba ni na sa ta ba."

Na ga abin yana neman lalacewa, na ce, "Haba, Maman Nas, a yi haƙuri mana, duk maganar ba ta kai nan ba."

"Ke kuma Gwaggo, naki wa ya taɓa gani? Tun da na zo gidan nan bakinki ba komai sai harshe."

Ban ji daɗin wannan ba. Ina da shi. Na tabbata ina da shi. Ina jin ta hagu yake.

Kafinta ya juyo gare ni a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci. "Gwaggo. Ke kika goya ni. Da ina ƙarami... ina da shi, ko?"

Ga amsa a bakina, kalma ɗaya, in ce eh a wuce wurin. Wallahi ita na yi niyyar faɗa. Amma kun san kai ba ya neman izini. Sai kawai na tuna yayana direban babbar mota ne, yakan yi wata da watanni bai kwana gida ba. Na tuna wani mai gyaran rediyo da ke zama a ƙofar gidanmu na da, mutum mai hannu, komai ya taɓa sai ya gyaru. Bahago ne. A duk gidanmu kuwa babu bahago. Na saukar da ido na kalli hannun Kafinta na hagu. Ban daɗe ina kallo ba. Amma ya ga na kalla.

Ya zauna a hannun kujera, ya sa hannun a bayansa.

Surukata ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ɗauki safarta, ta shiga ɗaki, muka ji ana jan akwati, ta fito da jaka a kafaɗa.

"Ina za ki?" in ji shi, murya kamar ba tasa ba.

"Akwai waɗanda na bari a roba suna jirana in gama wanke su. Daga can wajen 'yata zan wuce. 'Yata. In ka tuna sunan da kake kiran ta da shi, ka san hanyar asibiti. Ban ce za a buɗe maka ba."

"Maman Nas, tsaya mana. Tambaya ce kawai na..."

"Ga mai amsa nan kusa da kai. Ku zauna ku yi ta leƙa bakin juna." Ta kai ƙofa, ta kama marikin. "Waɗancan na rami sun fi ku daɗin zama. Kullum hannuna yana cikin bakinsu, ko ɗaya bai taɓa cizona ba."

Ta fita ta maka ƙofar da ƙarfi, sai da hoton Nas ya karkace a bango.